Wane littafi zan fara da shi kan faɗuwar daular Rumawa?

Malam Nasiru: Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana tarihi na wannan zaure. Watanni uku da suka wuce na sayi juzu'i biyu na littafin Edward Gibbon, The History of the Decline and Fall of the Roman Empire, a hannun wani mai sayar da tsofaffin littattafai a bakin titi, domin tun muna ɗalibai nake jin ana ambatonsa duk lokacin da aka taɓo zancen Rumawa. Sai da na isa gida na lura ashe juzu'i na ɗaya da na uku ya haɗa mini, na biyun babu shi. Na daure na fara karatu, amma Turancin ya yi mini nauyi ƙwarai, jimla guda sai ta kusa cinye rabin shafi, ga bayanan ƙasan shafi cike da Latinanci. A babi na bakwai na ajiye shi. Abin da nake so in fahimta shi ne yadda daular da ta mallaki ƙasa daga Ingila har zuwa Masar ta wargaje. Shin in koma in ci gaba da fama da Gibbon, ko akwai wanda ya fi shi dacewa da mai fara koyo?

Dakta Bala: Wa alaikumus salam, Malam Nasiru. Kafin a ba ka sunan littafi, ya kamata mu san wace faɗuwa kake nufi, domin daular ta faɗi sau biyu, kuma tsakanin faɗuwar farko da ta biyu akwai kusan shekara dubu. Tun bayan rasuwar Sarki Theodosius a shekarar 395 miladiyya ba a sake haɗa gabas da yamma a hannun sarki ɗaya ba. Ɓangaren yamma shi ne ake cewa ya ƙare a 476, lokacin da wani kwamandan soja mai suna Odoacer ya tsige yaron da ke kan gadon sarauta, Romulus Augustulus, bai ma ga amfanin naɗa wani a madadinsa ba. Ɓangaren gabas kuwa ya ci gaba da mulki daga Kustantiniyya, wato Istanbul ta yau, har ranar 29 ga Mayu, 1453, da Sultan Muhammad Alfatih na Turkawa ya ci birnin. Gibbon ya ɗauki duka biyun, shi ya sa littafin ya kai juzu'i shida da babi 71, na farko ya fito a 1776, na ƙarshe a 1788. Shawarata ita ce kada ka fara da shi. Mutumin gwanin alƙalami ne, amma ya yi rubutu a zamanin da ba a fara tonon ƙasa don binciken kayan tarihi yadda ake yi yanzu ba, saboda haka kusan duk abin da ya sani daga rubuce-rubucen magabata ya samo shi. Idan yamma kake nufi, nemi littafin Peter Heather na 2005, The Fall of the Roman Empire.

Malam Nasiru: Na gode, Dakta. Gaskiya yamma nake nufi, ko da yake yanzu da kuka yi bayani na ga ban taɓa raba su a raina ba. Mene ne hujjar shi Heather ɗin a taƙaice?

Dakta Bala: Hujjarsa ita ce daular ba ta ruɓe daga ciki ta faɗi da kanta ba, ture ta aka yi. A ƙarni na huɗu tana da ƙarfinta, sai dai yawancin ƙarfin ya tafi ga tsare iyakar gabas, saboda Farisa ta zama abokiyar gaba ta gaske tun ƙarni na uku, har ta taɓa kama sarkin Rum sukutum, Valerian, a 260. Ana cikin haka sai mayaƙan Hun suka taso daga gabas suka matsa wa ƙabilun da ke arewacin kogin Danub. A 376 Gotawa, wato ƙabilar Goth, suka nemi izinin ƙetarowa cikin daular, aka ba su, aka kuma wulaƙanta su, bayan shekara biyu suka kashe Sarki Valens tare da mafi yawan rundunarsa a yaƙin Adrianople. Wajen da Heather ya fi burge ni shi ne lissafin haraji. Duk lardin da baƙi suka zauna a cikinsa ko yaƙi ya lalata shi, kuɗin shigarsa ya yanke, idan kuɗi ya ragu sai soja ya ragu, idan soja ya ragu sai a sake rasa wani lardin. Babban bugun da ya karya ƙashin bayan yamma shi ne lokacin da ƙabilar Vandal ta kama Kartaj, kusa da birnin Tunis na yau, a 439, domin Afirka ta Arewa ce rumbun hatsi da taskar harajin yamma. A 468 gabas da yamma suka haɗa gagarumar rundunar jiragen ruwa don ƙwato ta, sai sarkin Vandal, Geiseric, ya jira iska ta juya ya sako musu jirage masu cin wuta. Shekara takwas bayan wannan asara babu sauran sarkin Rum a Italiya.

Malama Hadiza: Ina goyon bayan Dakta kan Heather, amma ga wanda Gibbon ya riga ya gajiyar da shi, ina ganin littafin Bryan Ward-Perkins, The Fall of Rome and the End of Civilization, ya fi sauƙin shiga. Shi ma a 2005 ya fito, bai kai rabin girman na Heather ba, kuma cike yake da hotuna. Marubucin masanin tone-tone ne, saboda haka maimakon ya cika ka da sunayen sarakuna, sai ya nuna maka tukunya. A zamanin ƙarfin daular, talakan ƙauye ma yana cin abinci a kwanon yumɓu mai kyau da aka ƙera a wata ƙasa mai nisa, yana kwana ƙarƙashin rufin tayal, yana sayayya da ƙananan sulalla. A birnin Rum akwai wani tudu da ake kira Monte Testaccio wanda ba komai ba ne face tarin fasassun tulunan man zaitun miliyoyi, yawancinsu daga kudancin Sifen aka kawo su. Bayan ƙarni na biyar sai duk wannan ya ja baya. A Birtaniya har ƙera tukwane da na'urar juyi aka daina, aka koma ginawa da hannu, gini da dutse da bulo ya ɓace na tsawon lokaci, kuma ƙasusuwan shanun da aka tono sun nuna cewa dabbobin kansu sun ƙanƙance. Ranar da na karanta wannan babin ne na fara ganin cewa faɗuwar daula abu ne da ke shiga har cikin madafar mace.

Malam Isiyaku: Ku yi haƙuri in saɓa muku kaɗan. Heather da Ward-Perkins duka martani suke mayarwa, kuma bai kamata a ba ɗalibi martani ba tare da ya ji maganar da ake mayar wa martanin ba. Wanda ya sauya fagen nan shi ne Peter Brown da ɗan littafinsa na 1971, The World of Late Antiquity, wanda ya ɗauki tsakanin shekara ta 150 zuwa 750. A wurin Brown waɗannan ƙarnuka ba zamanin mutuwa ba ne, zamani ne da aka haifi sabuwar duniya: Kiristanci ya kafu, dokokin Rum suka taru a littafi, sabbin masarautu suka tashi, sannan Musulunci ya bayyana. Odoacer da ake cewa shi ya kawo ƙarshen daula bai rusa majalisar dattawan Rum ba, kuma Theodoric, sarkin Gotawa da ya gaje shi, da ma'aikata Rumawa ya yi mulki. Mutumin da ke zaune a Ravenna, fadar mulkin yamma a Italiya, a 477 da wuya ya ce maka duniya ta tashi bara.

Malama Hadiza: Malam Isiyaku, ban musa darajar Brown ba, na karanta shi kuma na ƙaru. Amma wa yake kallo? Malaman coci, masu zuhudu, masu falsafa, galibi kuma a gabas, inda birane suka ci gaba da bunƙasa har ƙarni na shida. Idan ka tsaya a Antakiya ko Iskandariyya dole ka ga sauyi kawai. Je ka tsaya a arewacin Faransa ko Birtaniya ka gaya wa manomin da aka ƙone masa rumbu cewa sauyin al'ada ne ya same shi. Ni a ganina kalmar sauyi ta yi laushi da yawa ga abin da ya faru.

Malam Isiyaku: Na karɓi wannan a kan Birtaniya, amma Birtaniya gefen daula ce, ba zuciyarta ba. Kuma ki tuna cewa manomin da kike magana a kansa ba lallai ne ya yi kewar mai karɓar harajin Rum ba. Wanda yake son ganin yadda kowane yanki ya bi tasa hanyar, ya duba Chris Wickham, The Inheritance of Rome, wanda ya tashi daga 400 zuwa 1000. Sai dai ban ba Malam Nasiru shawarar ya fara da shi ba, yana da yawan bayani.

Alhaji Garba: Ni ba ɗan boko mai zurfi ba ne, amma abin da muka taso muna ji shi ne Rumawa sun lalace ne saboda holewa da shaye-shaye da barin tarbiyya, har Allah ya karɓe mulki daga hannunsu. Ban ga wanda ya ambaci wannan a cikinku ba. Ko littattafan zamani sun daina faɗin gaskiya ne?

Dakta Bala: Ranka ya daɗe Alhaji, wannan magana tsohuwa ce, Rumawan da kansu sun riƙa faɗinta tun daular tana ganiyarta, ɗaruruwan shekaru kafin ta faɗi. Matsalarta ita ce ba ta amsa tambaya guda: attajiran Kustantiniyya ba su fi na Rum tsoron Allah ko ƙin jin daɗi ba, to me ya sa gabas ta ƙara kusan shekara dubu? Wannan tambayar ce kuma take raunana zargin da Gibbon ya yi wa Kiristanci, cewa ya sanyaya zuciyar mayaƙa ya kwashe dukiya zuwa coci, domin gabas ta fi yamma riƙo da addinin. Sarakunan holewa da ake ba da labarinsu, irin su Nero, sun mutu shekara ɗari huɗu kafin 476. Idan kuna son littafin da ya ɗora laifin a cikin gida bisa hujja, akwai na Adrian Goldsworthy na 2009, wanda aka buga a Amurka da sunan How Rome Fell, a Ingila kuma The Fall of the West. Shi yaƙin basasa ya kama. Tsakanin 235 da 284 sarakuna fiye da ashirin aka yi, kusan dukkansu kashe su aka yi ko suka mutu a fagen fama, har ta kai kowane sarki ya fi tsoron kwamandansa a kan abokin gaba na waje. Wani Bajamushe, Alexander Demandt, ya taɓa tattara dalilai 210 da marubuta suka bayar kan faɗuwar Rum, a ciki har da gubar dalma da yawan wanka da ruwan zafi, wanda ke nuna cewa kowane zamani abin da ke damunsa yake hangowa a cikin labarin.

Ustaz Auwalu: Allah ya saka wa Dakta da alheri da ya raba gabas da yamma tun farko, domin akwai ruɗanin da nake yawan ji ko a bakin almajiran ilimi. Rumawan da Alƙur'ani ya ambata a farkon Suratur Rum ba mutanen Italiya ba ne, a lokacin an fi shekara ɗari da rasa sarkin Rum a can. Rumawan gabas ne, waɗanda Turawa daga baya suka laƙaba wa suna Bizantin, alhali su ba su taɓa kiran kansu da wani suna ba sai Rumawa. Farisa ta ci su ta karɓe Ƙudus a 614, sannan sarkinsu Hiraƙla ya juya yaƙin ya yi nasara kusa da Ninawa a 627, kuma shi ne Hiraƙlan da wani hadisi a farkon Sahihul Buhari ya kawo tattaunawarsa da Abu Sufyan. Bayan shekara tara da wannan nasara aka yi yaƙin Yarmuk a 636, Sham ta fita daga hannunsu, Masar ta biyo baya. Saboda haka mu muna da ƙofar shiga wannan tarihi wadda Bature ba shi da ita. Mai Larabci ya karanta Futuhul Buldan na Balazuri, mai Turanci kuma ya haɗa da The Great Arab Conquests na Hugh Kennedy, ko littafin Walter Kaegi kan rayuwar Hiraƙla. Game da Gibbon, ina jan hankalin Malam Nasiru cewa babi na 50 kan Larabawa ne da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ya yi adalci a wasu wurare fiye da Turawan zamaninsa, ya kuma yi kurakurai, domin bai iya Larabci ba, da fassarorin wasu ya dogara.

Malam Isiyaku: Ustaz ya tuna mini da Henri Pirenne, ɗan Beljiyam, wanda littafinsa Mohammed and Charlemagne ya fito a 1937 bayan rasuwarsa. Shi cewa ya yi ba ƙabilun Jamus ne suka kawo ƙarshen tsohuwar duniyar Rum ba, yaɗuwar Musulunci ce ta raba tekun Bahar Rum gida biyu ta yanke ciniki. Tone-tonen da aka yi daga baya sun nuna cinikin ya riga ya yi rauni sosai kafin zuwan Musulmi, don haka yau kaɗan ne ke karɓar maganarsa yadda ya faɗe ta, amma har yanzu ana karanta shi saboda girman tambayar da ya yi.

Ustaz Auwalu: Haka ne. Kuma ga Alhaji Garba, abin da kuka faɗa yana da gurbi a ilimi, sai dai a Muƙaddimar Ibn Haldun za ku same shi da tsari, inda ya yi bayanin yadda asabiyya, wato ƙarfin haɗin kan dangi, ke raunana idan masu mulki suka saba da jin daɗin birni, har su koma hayar wasu su yi musu yaƙi, haraji kuma ya yi ta hauhawa yana kashe sana'a. Ba don Rum ya rubuta ba, daulolin Magrib ya fi kallo, amma wanda ya karanta shi sannan ya ga yadda sarakunan yamma suka dogara da mayaƙan Goth a ƙarni na biyar, zai yi ta gyaɗa kai.

Sa'adatu: Ina gaida malamai. Ni ɗalibar aikin likita ce, kuma ta hanyar annoba na shigo wannan batu. Littafin Kyle Harper na 2017, The Fate of Rome, ya kawo annoba uku: wadda ta ɓarke wajen 165 zamanin Sarki Marcus Aurelius, da ta tsakiyar ƙarni na uku, da ta 541 zamanin Justinian, sarkin gabas, wadda binciken haƙoran gawawwakin da aka tono ya tabbatar cewa ƙwayar cutar Yersinia pestis ce ta haddasa ta. Ya kuma haɗa da sanyin da ya biyo bayan aman duwatsun wuta a 536. Shin malamai suna ganin ya dace da mai farawa?

Dakta Bala: Ya dace, 'yata, yana da daɗin karatu, amma a karanta shi na uku ko na huɗu. Masana da dama sun soki alƙaluman mace-macen da ya bayar, suna ganin ya ɗauki mafi muni daga cikin ƙiyasi ya gina hujja a kai. Kuma ki lura cewa annobar 541 ta zo ne shekara 65 bayan yamma ta riga ta tafi, don haka ta fi bayyana raunin gabas. Wani abin da ban ji an ambata ba shi ne karanta mutanen zamanin da bakinsu. Ammianus Marcellinus soja ne da ya yi yaƙi da Farisa, abin da ya rage na tarihinsa ya ƙare da Adrianople, kuma akwai fassararsa ta Turanci mai sauƙi a jerin Penguin. Shi ne ya ba da labarin yadda jami'an Rum biyu, Lupicinus da Maximus, suka ga yunwa ta kama Gotawan da suka ƙetaro kogi, sai suka riƙa tattara karnuka suna sayar musu, kare ɗaya a bakin mutum ɗaya da za a bautar, har da 'ya'yan manya. Haka kuma Priscus, wanda ya je fadar Attila, sarkin Hun, cikin tawagar jakadanci a 449, ya haɗu da wani ɗan kasuwa mai jin Girkanci da aka kama a yaƙi, ya sami 'yanci, ya yi aure a can, ya ce ya fi son zama da Hun saboda a ƙasar Rum haraji ya yi yawa kuma shari'a ta mai kuɗi ce. Shafi biyu na irin wannan sun fi babi guda na sharhi zama a zuciya.

Alhaji Garba: To ai Dakta kun dawo kan maganata ta wata hanya. Wanda ya sayar wa mai jin yunwa kare ya karɓi ɗansa, ai rashin tarbiyya ne.

Dakta Bala: Na sallama muku wannan, Alhaji, zalunci ne ƙarara, kuma Ammianus ma haka ya kira shi. Inda muka rabu shi ne jami'an Rum sun yi irin wannan zalunci a ƙarnukan da daular ke cin ƙasashe, ba ta faɗi ba. Abin da ya bambanta 376 shi ne waɗanda aka zalunta dubun dubata ne, da makamansu, a cikin iyaka, sarki kuma yana can Antakiya da rundunarsa yana fuskantar Farisa.

Malam Nasiru: Allah ya ƙara wa malamai ilimi. Ga abin da na tsara: zan fara da Ward-Perkins tunda gajere ne, in bi da Heather, sannan Brown don in ji ɗaya ɓangaren, Kennedy kuma in ajiye shi zuwa hutun ƙarshen zango. Wani abokina ya ce in sayi SPQR na Mary Beard, ko shi ma ya shiga layi? Sannan juzu'i biyun nan na Gibbon, in ajiye su ne kawai su yi ado a kanta?

Malama Hadiza: SPQR littafi ne mai kyau, amma labarin tashin Rum ne, ya tsaya a 212 lokacin da Sarki Caracalla ya ba kusan duk 'yantattun mazauna daular 'yancin zama 'yan ƙasa. Zai taimaka maka da shimfiɗa, ba zai amsa tambayarka ba. Idan ka zo kan 1453 kuma, ɗan littafin Steven Runciman na 1965, The Fall of Constantinople, ya ishe ka, za ka kuma ga cewa 'yan yaƙin Salibiyya da suka washe birnin a 1204 sun riga sun gama da ƙarfinsa tun kafin zuwan Turkawa.

Dakta Bala: Kada ka bar Gibbon ya yi ƙura. Bayan ka gama Heather ka san 'yan wasan, sai ka koma masa ka zaɓi babi: na 26 kan Hun da Gotawa da mutuwar Valens, na 31 kan yadda Alaric, sarkin Gotawa, ya washe Rum kwana uku a watan Agustan 410, na 36 kan ƙarewar sarautar yamma, da ɗan sharhin da ya liƙa a ƙarshen babi na 38. A lokacin za ka ji daɗin Turancin da ya gajiyar da kai. Idan bugun da ka saya ya bi rabon asali na juzu'i shida, babi na 31 da 36 da 38 duk suna cikin na ukun da ke hannunka, na 26 ne kaɗai ya faɗa cikin wanda mai littattafan bai ba ka ba. Littafin ya daɗe da fita daga haƙƙin mallaka, yana nan kyauta a shafin Project Gutenberg. Heather kuwa ina da kwafi biyu, ɗaya bangonsa ya yage amma shafukansa cikakku ne. Yi mini magana ta akwatin sirri mu ga yadda zai iso gare ka.